Yadda Ake Gauraya Bayodizal da Man Dizal Ba Tare da Lalata Inji Ba, da Matsayin Etanol a Cikin Lamarin

Tun da farashin man dizal ya haura naira dubu a kowace lita a Najeriya a shekarar 2023, masu injin niƙa da injin ban ruwa da tarakta da janareta suka shiga neman abin da za su ƙara a tanki domin rage kashe kuɗi. Sunaye biyu ne suka fi yawo a bakin mutane, wato bayodizal da etanol, kuma sau da yawa akan ambace su tare saboda dukkansu daga amfanin gona ake samar da su. Amma a wurin injin dizal ba matsayinsu ɗaya ba. Bayodizal yana iya shiga tanki idan mai kyau ne kuma aka bi shi sannu a hankali, shi kuwa etanol, a ganina, bai kamata mai inji ya zuba shi da hannunsa a tankin dizal ba ko da kaɗan ne, sai fa injin da aka ƙera musamman dominsa.

Kafin a fahimci dalili, sai an tuna yadda injin dizal yake ƙona mai. Ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi kamar injin fetur. Fistin ne yake matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sannan injekta ta fesa mai a cikinta, man ya kama wuta da kansa. Saboda haka injin yana bukatar abu uku daga man da aka ba shi: ya kasance mai saurin kamawa idan aka matse shi, wanda ake aunawa da abin da ake kira lambar sitan, ya kasance kaurinsa daidai yadda nozul, wato bakin injekta, zai iya fesa shi kamar hazo, sannan ya kasance da santsi, domin man da kansa ne yake shafe cikin famfon injekta, ba baƙin mai ba. Duk abin da za a gauraya, da waɗannan ukun za a auna shi.

Abin da ake nufi da bayodizal

Bayodizal ba ɗanyen man girki ba ne, kuma nan ne mutane da yawa suke fara yin asara. Gaskiya ne cewa a baje kolin da aka yi a birnin Faris a shekarar 1900 an nuna wani injin dizal yana aiki da man gyada, kuma Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin dizal, da kansa ya yi magana a kan haka daga baya, amma injinan wancan zamani manya ne masu juyawa a hankali. Ɗanyen man gyada ko manja ya ninka dizal kauri wajen sau goma, don haka nozul ba ya iya fesa shi da kyau, ba ya ƙonewa duka, ragowarsa kuma tana daskarewa a bakin injekta da zoben fistin har su manne. Inji zai tashi, zai yi aiki na wasu makonni ko watanni, mai shi ya ɗauka ya ci riba, daga nan sai a kai ga sauke shi.

Ana samun bayodizal ne idan aka haɗa man tsiro ko kitsen dabba ko man suya da aka gama amfani da shi da metanol, wani sinadari mai guba dangin etanol, da ɗan soda irin ta sabulu, a ɗumama, a juya, sai wani ruwa mai kauri da ake kira gilisarin ya rabu ya kwanta a ƙasa, kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin man. Abin da ya rage a sama, bayan an wanke shi an busar da ruwan da ke ciki, shi ne bayodizal. Kaurinsa ya kusa da na dizal, lambar sitan ɗinsa takan kai ta dizal ko ta wuce, santsinsa kuma ya fi na dizal, har ma kashi 1 ko 2 cikin ɗari kawai yana gyara santsin dizal ɗin da aka rage wa sinadarin farar wuta. Ana rubuta yawan gaurayen da harafin B da lamba: B5 yana nufin kashi 5 cikin ɗari bayodizal ne, B20 kashi 20, B100 kuwa zallarsa. A ƙasashen Turai ƙa'idar dizal ta EN 590 ta yarda da har kashi 7, a Amurka kuma dizal na yau da kullum yana iya ɗaukar kashi 5. Indunusiya, wadda take da manja mai yawa, ta tilasta B30 a 2020, ta koma B35 a 2023. Najeriya ma ta fitar da manufar man tsiro tun 2007, sai dai har yanzu ba abu ne da mutum zai shiga gidan mai ya tarar a famfo ba, wanda ke nufin mai inji a nan yakan sayo bayodizal ne daga ƙananan masu sarrafawa, kuma nauyin tantance ingancinsa yana wuyansa.

A gwada man kafin ya kusanci tanki

Mafi yawan lalacewar da ake ɗora wa bayodizal daga man da ba a gama sarrafa shi ba take fitowa. Idan mai sayarwa yana da takardar gwaji da ke nuna man ya cika ƙa'idar ingancin bayodizal ta Turai, EN 14214, ko ta Amurka, ASTM D6751, to an huta. Idan babu, akwai gwaje-gwaje masu sauƙi waɗanda ba su kai na ɗakin bincike ba amma suna fallasa mummunan mai. Da farko a zuba shi a kwalba mai haske a ɗaga ta ga rana: mai kyau garau yake, ana hango abu ta cikinsa, wanda ya yi hazo-hazo kuwa akwai ruwa ko sabulu a ciki. A bar kwalbar ta kwana, idan aka ga wani abu mai duhu ya kwanta a gindinta, gilisarin ne da ba a cire ba, kuma shi ne mai toshe filta da nozul. Sai a ɗebi man da ruwa mai tsabta daidai wa daida a wata kwalba, a girgiza sosai, a ajiye. Ya kamata su rabu sarai cikin rabin sa'a, mai a sama, ruwa a ƙasa. Idan suka zama fari kamar madara suka ƙi rabuwa, sabulu ya yi yawa, kada a saya.

Gwajin da ya fi nuna ko sarrafawar ta kammala shi ne na metanol. Ana zuba mililita 3 na bayodizal a cikin mililita 27 na metanol a wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20, a girgiza. Bayodizal na gaskiya zai narke ƙaf, ɗanyen man da bai juye ba kuwa zai fito ɗigo-ɗigo ya kwanta a ƙasa. Wajibi ne a yi hattara da metanol, domin guba ne mai makantarwa da kisa, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, kuma wutarsa ba ta cika ganuwa da rana ba. A yi gwajin a fili, a sa safar hannu, a nisantar da shi daga yara da murhu.

A duba injin da za a ba man

Littafin da ya zo da injin shi ne alƙali na farko. Kamfanoni irin su Cummins da John Deere sun amince da B20 a yawancin injinansu na zamani bisa sharaɗin man ya cika ƙa'ida, wasu kamfanonin kuma sun tsaya a B5 ko B7, kuma wanda ya wuce iyakar da aka sa masa ya zubar da garantinsa. Tsofaffin injina masu famfon injekta na ƙarfe zalla, irin Lista na niƙa da ƙananan injinan ban ruwa masu fistin ɗaya, suna da haƙuri da ɗan bambancin mai, amma rauninsu yana wurin roba. Bayodizal yana kumbura robar asali da wasu nau'o'in roba na da, yana sa tiyo ya yi laushi ya fara tsatsafo, sil ɗin famfo kuma ya fara yoyo. A B5 da wuya a ga wannan, a B20 yakan bayyana a hankali, a B100 kuwa ba ya ɗaukar lokaci. Maganinsa shi ne a canza tiyo da sil zuwa irin robar da ake kira Viton kafin a haura B20. Sababbin motoci masu injekta ta lantarki, waɗanda matsin mansu yake kai 1,600 zuwa 2,000 ko fiye a ma'aunin matsi na bar, ba su da matsalar roba sosai, sai dai ba su yafe ruwa ko datti ko kaɗan, kuma kuɗin injekta ɗaya tasu ya isa ya cinye ribar shekara. Motar da ke da matatar hayaƙi a salansa kada a wuce mata abin da kamfaninta ya faɗa.

Akwai injin da nake ganin bai dace a ba shi bayodizal mai yawa ba ko da kamfani ya yarda, shi ne janaretan ko-ta-kwana da ba a cika tayarwa ba, da injin ban ruwan da ake ajiyewa tun daga faɗuwar damina har rani. Man da ya daɗe a tanki yana lalacewa, za a zo kan wannan a gaba.

Yadda ake gaurayawa

A fara da B5. Lissafin ba shi da wahala: a jarka mai lita 20, lita 1 ta bayodizal da lita 19 ta dizal, a duro mai lita 200, lita 10 da lita 190. B20 kuwa lita 4 da 16 ne a jarka, lita 40 da 160 a duro. Gara a gauraya a jarka ko duro mai tsabta kuma busasshe maimakon a cikin tankin injin, domin a can ne ake iya auna daidai kuma a ga abin da aka haɗa. A fara zuba dizal, sannan a zuba bayodizal a kansa, saboda bayodizal ya fi nauyi, lita ɗaya tasa tana kai wajen giram 880 alhali ta dizal ba ta cika wuce 840 ba, don haka idan ya zo daga sama zai ratsa ya gauraya, idan kuwa shi aka fara zubawa yana iya zama a ƙasa, injin ya ja kusan zallarsa a farko. A girgiza jarkar ko a mirgina duron, kuma da zarar sun haɗu ba sa sake rabuwa. A tace lokacin zubawa a tanki.

Daga nan sai haƙuri, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Bayodizal yana wanke datti. Tankin da ya shekara goma yana shan dizal, musamman wanda ake saye a bakin hanya, yana da laka da tsatsa manne a bangonsa, kuma sabon man zai ɓamɓaro su ya kai su filta. Saboda haka idan inji ya fara shaƙewa ko ya rasa ƙarfi a hawa bayan kwanaki da fara gaurayen, mafi yawanci filta ce ta toshe, ba injin ne ya lalace ba. Kafin a fara, a sauke tsohon tanki a wanke shi idan da hali, a sa sabuwar filta, a ajiye wasu biyu a kusa. A yi tanki uku ko huɗu a B5, a kwance filtar a duba. Idan tana da tsabta sai a hau B10, a sake yin haka, sannan B20. A kowane mataki a riƙa shafa hannu a tiyo da gindin famfo ana neman danshi, a riƙa buɗe magudanar da ke ƙasan filta ana zubar da ruwan da ya taru. Ban ga dalilin da zai sa mai inji ɗaya ko biyu ya wuce B20 ba, domin daga nan matsaloli suke ninkuwa, kulawar da ake bukata kuma ta zama ta kamfani mai ma'aikata da ɗakin gwaji.

Abin da za a lura da shi a aiki bai da yawa. Baƙin hayaƙi yakan ragu, warinsa ya sauya. Zallan bayodizal ƙarfinsa ya gaza na dizal da kimanin kashi 8 cikin ɗari a kowace lita, wanda a B20 bai wuce kashi 1 zuwa 2 ba, har direba ba zai ji ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne baƙin mai. Ɗan man da yake zurarewa ta gefen fistin yana sauka a cikinsa, kuma bayodizal ba ya ƙafewa da zafin inji kamar dizal, sai ya taru ya tsinka baƙin man. A riƙa zaro sandar awo kowace safiya. Idan aka ga baƙin mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, a juye shi nan take, kuma ko ba a ga haka ba, a matso da lokacin juye a watannin farko.

Sanyi ma yana da nasa hukunci, ko da yake mutane suna ɗauka wannan matsalar Turai ce. Bayodizal ɗin manja yana fara yin gajimare da ƙanƙara-ƙanƙara a wajen digiri 13 zuwa 15, na kitsen shanu ma haka ko sama, kuma daren hunturu a Jos da Kano da Zinder yana sauka ƙasa da wannan. Wanda ya ajiye zallarsa a duro a waje cikin watan Disamba ko Janairu zai iya wayar gari ya tarar ya yi kauri, idan kuma a tanki yake filta ta toshe inji ya ƙi tashi sai rana ta ɗaga. A lokacin hunturu a koma B5 ko B10, a ajiye duro a ɗaki, kuma kada a gauraya bayodizal ɗin da ya riga ya yi gajimare sai ya ɗumama ya washe.

Ajiya

Kada a ajiye bayodizal ko gaurayensa fiye da wata shida, a ƙasa mai zafi irin tamu ma wata uku ya fi kwanciyar hankali. Iska da zafi da hasken rana suna sa shi ya yi tsami kamar yadda man girki yake yi idan ya daɗe, tsamin kuma yana cin ƙarfen famfo yana haifar da danƙo. Yana kuma jan danshi daga iska fiye da dizal, inda ruwa ya kwanta a gindin tanki kuwa ƙananan halittun da ido ba ya gani suna tsiro su zama baƙin yauƙi. A cika duro har kusa da baki, a rufe shi ruf, a sa shi a inuwa. Tagulla da jan ƙarfe da dalma da tutiya suna gaggauta lalacewar man, don haka a guji famfon duro na tagulla da tankin da aka shafe da tutiya, a yi amfani da baƙin ƙarfe ko alminiyom ko jarkar roba mai kauri irin ta mai. Idan ya zuba a jikin mota a goge da wuri domin yana cin fenti, tsummokaran da aka goge da su kuma kada a tara su a lungu, saboda tsumman da ya jiƙe da irin wannan mai yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. Injin da za a ajiye na tsawon watanni a ƙare masa aiki da tanki ɗaya na dizal zalla.

Batun etanol

Etanol shi ne sinadarin da ake tatsa daga rake ko rogo ko masara, kuma wurinsa na asali injin fetur ne, inda ƙin kamawarsa da wuri yake zama alheri. A injin dizal wannan hali aibi ne. Lambar sitan ɗinsa tana wajen 8, alhali ƙa'idar Amurka ba ta karɓar dizal da ya gaza 40, ta Turai kuma 51. Idan aka gauraya shi, man yakan yi jinkirin kamawa, sannan ya kama gaba ɗaya da ƙarfi, inji ya riƙa bugu, tashinsa da safe ya yi wuya. Ba shi da santsi, saboda haka famfo da injekta suna gogar juna a bushe. Ƙarfinsa a lita bai wuce kashi 60 cikin ɗari na dizal ba, wanda ke nufin ko da ya fi araha a jarka, ba lallai ya fi araha a aiki ba.

Sannan ba ya son zama da dizal. Etanol ɗin da ake samu a kasuwa yawanci yana ɗauke da ruwa kashi 4 ko 5 cikin ɗari, kuma wannan ɗan ruwan ya isa ya raba su gida biyu a cikin tanki. Ko wanda aka busar sarai, idan ya ja danshi ko gari ya yi sanyi, rabuwa yake yi, sai inji ya wayi gari yana jan etanol da ruwa kusan zalla. Masu bincike sun gwada haɗin da ke da etanol kashi 5 zuwa 15, wasu suka ƙara bayodizal a matsayin na uku domin yana riƙe su wuri ɗaya yana kuma mayar da santsi da lambar sitan da aka rasa, kuma sun ga hayaƙi ya ragu. Amma waɗannan gwaje-gwaje ne da busasshen etanol da magungunan ƙari da tankuna na musamman, kuma manyan masu ƙera injina ba su amince da irin wannan haɗi a injin dizal na yau da kullum ba.

Babban abin da ya sa nake hana shi shi ne gobara. Dizal ba ya fitar da tururi mai kama wuta sai ya yi zafin da ya wuce digiri 52 zuwa 55, shi ya sa ake sakaci da shi ba a cika ganin masifa ba. Etanol kuwa tun daga digiri 13 yake fitar da irin wannan tururi, kuma ɗan kaɗan a cikin dizal ya isa ya saukar da dukan gaurayen zuwa wannan mataki, bayodizal ma ba ya gyara wannan. Abin da ya fi muni, daga wajen digiri 13 zuwa 42, wato zafin da muke rayuwa a cikinsa kusan duk shekara, iskar da ke saman man a cikin tanki takan kasance daidai gwargwadon da zai fashe idan tartsatsi ya same ta. Tankin dizal ba a ƙera shi da kariyar wannan ba. Bakaniken da ya saba leƙa tanki da ashana ko yin walda kusa da shi, ko yaron injin niƙa da ke ƙara mai inji yana aiki, ba su san an sauya musu abin da ke ciki ba.

Inda etanol ya yi aiki a injin dizal da gaske, injin ne aka sauya. Kamfanin Scania na Suwidin ya ƙera motocin safa da suka yi shekaru suna aiki a birnin Istokholm da man da ake kira ED95, wanda kashi 95 cikin ɗarinsa etanol ne, ragowar kuma maganin sa shi kamawa da na santsi. An ɗaga matsin injin zuwa 28 bisa 1 maimakon wajen 18 bisa 1 na dizal, an sa manyan nozul, an canza sil da tanki. Ba gyara ba ne da za a yi a garejin unguwa.

Idan kuwa kuskure ya faru aka zuba etanol, ko fetur mai gauraye da shi, a tankin dizal, kada a tayar da injin, kada ma a murɗa makulli a motocin zamani domin famfon lantarki yana fara tura mai tun kafin inji ya tashi. A tura motar zuwa fili nesa da wuta, a zuƙe tankin da famfon hannu, a canza filta, a cika da dizal mai tsabta, a fitar da iska daga layin mai. Idan an riga an yi tafiya da shi, a kashe injin inda aka ankara, a sa bakanike ya duba filta da famfo ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, domin ganinsa yana nufin famfon ya fara cin kansa, kuma dole a wanke layin gaba ɗaya har injektoci kafin a sake tayarwa.